Ƙanwata za ta aiko min bargo mai nauyi daga Ingila, ko zai dawo min da barcina?

Assalamu alaikum Anti. Ni malamar firamare ce a Zariya, shekarata 36, 'ya'yana uku. Wata takwas ke nan da rasuwar mahaifiyata, kuma tun daga lokacin barci ya ƙaurace min. Ni na yi jinyarta, ga jego a lokacin. Yanzu sai in kwanta ƙarfe goma in yi ta juyi, in ma barcin ya ɗauke ni, ƙarfe biyu na dare idona biyu, gabana na faɗuwa, har a kira Asuba. Nakan sayi Piriton a kemis. Da farko yana yi min, yanzu ya daina. Ƙanwata da ke aikin jinya a Ingila ta ce akwai wani bargo mai nauyi da ake lulluɓa da shi don barci, ta ga mai kilo 9 an yi masa ragi, za ta ba wani mai zuwa gida ya taho min da shi. Nauyina kilo 62. Maigidana ya ce ɓarnar kuɗi ce, wa ke neman bargo a zafin Zariya, amma ya ce in ya iso shi ma zai gwada, don kullum a gajiye yake tashi duk da minsharinsa har falo ana ji. Autata wata 11, tare muke kwana, tana shan nono. Ɗana mai shekara shida shi ma ba ya son kwanciya, kuma ƙanwar tawa ta ce a can har na yara ake yi. Anti, in ce ta aiko? Wane iri? Kuma zan iya lulluɓa mu duka da shi?

Maman yara uku, Zariya

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya jiƙan Mama, Ya sa ciwon da ta sha ya zame mata kaffara, ke kuma Ya ba ki ladan jinya.

Zan fara da tambayarki ta ƙarshe, don ita ce ba ta jiran dogon bayani. A'a, kada ki lulluɓa ku duka. Muddin autarki na kwana a gado ɗaya da ke, bargo mai nauyi ba shi da wuri a gadon nan, ko mai kilo 9 ne ko mai kilo 4. Yarinya 'yar wata 11 ba ta da ƙarfin ture shi daga fuskarta, kuma uwar da ta daɗe ba ta samu barci ba, ga ƙwayar Piriton a jikinta, ba lallai ta ji motsin 'yarta ba in ta gangara ƙarƙashinsa. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka, a ƙa'idojin kwanciyar jarirai da ta sabunta a 2022, ta fito ƙarara ta ce kada a ɗora wa jariri bargo mai nauyi ko rigar barci mai nauyi, kada ma a ajiye su kusa da shi yana barci.

Haka shi ma ɗanki mai shekara shida. Gaskiya ne ana sayar da na yara a can, amma don ana sayar da abu ba shi ke nuna yana da amfani ba. A watan Disamban 2022 babban kantin nan na Amurka, Target, ya janye barguna masu nauyi na yara sama da 200,000 daga kasuwa, bayan wasu yara mata biyu, mai shekara huɗu da mai shekara shida, sun rasu a jihar North Carolina. Zif ɗin rigar bargon suka zuge suka shige ciki, numfashi ya gagare su. Bargon nan bai kai kilo 3 ba. Kafin nan, a 2008, wani yaro ɗan shekara tara mai lalurar otizim, wadda ke shafar magana da mu'amalar yaro da mutane, ya rasu a wata makaranta a lardin Quebec na Kanada, bayan an naɗe shi a cikin irin wannan bargo don ya natsu. Ba don in tayar miki da hankali na kawo waɗannan ba, ke da dama hankalin ba a kwance yake ba. So nake ki san cewa wannan kayan manya ne, kuma in ya shigo gida mai yara uku to da rana wurinsa cikin sif ne a kulle, ba a kan gado inda za a yi wasan ɓuya da shi ba. Sannan ko maganar amfanin ma, an gwada. A Birtaniya an yi wani bincike da aka wallafa a 2014 kan yara masu otizim da ke fama da rashin barci, 'yan shekara 5 zuwa 16. Kowane yaro ya kwana da mai nauyi na wani lokaci, ya kwana da marar nauyi na wani lokaci, ana auna barcinsa da na'ura. Barcin bai ƙaru ba, kuma bai zo da wuri ba, ko da yake yaran da iyayensu sun ce sun fi son mai nauyin. Yaronki kuwa, ina kyautata zaton, gidan ne ya canza masa. Ya rasa kakarsa, an yi masa ƙanwa, uwarsa kullum a gajiye. Tsayayyen lokacin kwanciya, a kashe talabijin da waya tun bayan Isha, ki zauna gefensa minti goma ku yi addu'a tare, sun fi masa kowane bargo.

To, mu dawo kanki.

Shi wannan bargo, ɗinke shi ake yi aljihu-aljihu, kowane aljihu a zuba masa ƙananan duwatsun gilashi masu kama da tsakiya, ko ƙwayoyin roba. Wasu, musamman na ƙasar Suwidin, siririyar sarƙar ƙarfe ake jerawa a ciki. Akwai kuma na saƙa, wanda nauyinsa daga kaurin zaren ne kawai, ba a zuba masa komai ba. Ana samunsu daga wajen kilo 2 har kilo 13 ko 14. Hikimar da ke bayansa ba baƙuwa ba ce a wurinki: kin san yadda yaro mai rigima ke yin lamo da zarar an goya shi an ɗaure majanyi tamau. Matsi mai taushi da ya game jiki yakan sa wasu mutane su saki jiki. Wata Ba'amurkiya, Temple Grandin, wadda ita kanta tana da otizim kuma daga baya ta zama farfesar kimiyyar dabbobi a jami'ar jihar Colorado, tun tana budurwa ta lura cewa shanu kan natsu idan aka sa su cikin wani keji mai matse su ta gefe biyu. A tsakiyar shekarun 1960 ta ƙera wa kanta makamancinsa, tana shiga ciki in fargaba ta taso mata. Shekaru da dama bayan haka, masu gyaran gaɓoɓi da ɗabi'un yara masu otizim ne suka fi sanin barguna masu nauyi. Sai a 2017 wani kamfani mai suna Gravity ya tara sama da dala miliyan huɗu ta intanet daga mutanen da suka biya kuɗin bargon tun kafin a ɗinka shi. Daga nan ne ya zama kayan yayi, har ya iso shagon da ƙanwarki ta gan shi.

Ko yana aiki? Binciken da masu sayarwa suka fi jingina da shi an yi shi ne a birnin Stockholm, aka wallafa a 2020, kuma likitocin cibiyar Karolinska ne suka yi. Mutum 120 ne, dukansu manya, masu rashin barci tare da ciwon damuwa ko fargaba ko makamantansu. An ba rabi bargon sarƙar ƙarfe mai kilo 8, aka ba sauran mai sarƙar roba wanda bai wuce kilo ɗaya da rabi ba. Bayan mako huɗu, kusan mutum shida cikin goma na masu bargo mai nauyi sun ce matsalar barcinsu ta ragu da rabi ko fiye, a ɗaya ɓangaren kuwa kimanin mutum ɗaya ne cikin ashirin. Tazarar tana da yawa, ba zan rage mata daraja ba. Amma ki lura da abu biyu. Ba yadda za a yi a ɓoye wa mutum cewa bargonsa mai nauyi ne, don haka wanda ya sa rai zai iya jin sauƙi saboda sa ran da ya yi. Kuma ma'aunin ya dogara ne a kan abin da mutanen suka faɗa da bakinsu. Akwai wani ƙaramin bincike daga jami'ar Uppsala, ita ma a Suwidin, a 2022, kan matasa 26 masu ƙoshin lafiya, wanda ya nuna sinadarin melatonin, wanda jiki ke fitarwa da dare don shirin barci, ya ɗan fi ƙaruwa a daren da suka lulluɓa da mai nauyi. Mutum 26 kaɗan ne, kuma ba masu rashin barci ba ne.

Abin da ni na ɗauka daga duk wannan shi ne: babban mutum wanda fargaba ce ke hana jikinsa sakewa, irin faɗuwar gaban da kika ambata, zai iya jin daɗinsa, kuma kina cikin waɗanda ya dace su gwada. Amma ba magani ba ne. Wasu kuma daren farko suke wurgi da shi, su ce ji suke kamar an danne su.

Kilo 9 ya yi miki yawa. Ƙa'idar da aka saba faɗa ita ce kashi goma cikin ɗari na nauyin mutum, wato ke wajen kilo 6. Wannan lissafin 'yan kasuwa ne da masu gyaran gaɓoɓi, ba wani hukunci ba ne da bincike ya yanke, amma wurin farawa ne mai hankali. Kilo 9 a jikin mai kilo 62 ya doshi kashi 15. Ko a binciken Stockholm ɗin, wasu sun ce kilo 8 ya yi musu nauyi, sai da aka sauya musu da mai kilo 6. Ma'aunin da na fi yarda da shi ya fi lissafi sauƙi: ki iya juyawa dama da hagu a ƙarƙashinsa ba tare da kokawa ba, ki kuma iya yaye shi da hannu ɗaya cikin magagin barci. In kina tsakanin nauyi biyu, ɗauki marar nauyin. Ragin da aka yi wa mai kilo 9 ba dalili ba ne. Sau da yawa abin da ya ƙi fita ake yi wa ragi.

Maganar zafi kuwa, maigidanki bai yi ƙarya ba, ko da yake na san ba za ki so jin haka ba. Jikin ɗan Adam sai zafinsa ya ɗan sauka kafin barci ya kama shi sosai, shi ya sa dararen Afrilu ke yi wa kowa wuya. Duk binciken da na ambata a ƙasashen sanyi aka yi su, kuma yawancin bargunan da ake sayarwa a Ingila don ɗakunan can aka yi su, da riga mai gashi-gashi mai riƙe ɗumi. A Zariya, daga Maris zuwa Mayu, rana na haura digiri 35, ɗaki ya kwana yana huci, wuta kuma sai an ga dama. A irin wannan dare bargo mai nauyi gumi da ƙuraje kawai zai ƙara miki. Lokacinsa shi ne hunturu, daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'ad da dare ke saukowa ƙasa da digiri 15, sai kuma wasu dararen tsakiyar damina. Ki sa a ranki kayan wata uku ne ko huɗu a shekara, sai dai in kuna da na'urar sanyaya ɗaki da wutar da za ta riƙe ta har safe. Da a Jos kike ko Mambila, da lissafin ya canza.

Saboda haka in za a saya, a sayi mai duwatsun gilashi da rigar auduga zalla, ko na saƙa mai ramuka da iska ke ratsawa. Gilashi ya fi roba nauyi a ƙaramin wuri, don haka bargon ba ya yin tudu, ba ya riƙe zafi kamar mai ƙwayoyin roba da aka cusa wa soso. Ta duba aljihunan su zama ƙanana, ɗinkin kuma mai ƙwari, don in aljihu ya yi faɗi duwatsun kan taru gefe guda, in kuma ɗinki ya ɓalle su zube, ga ki da mai rarrafe da komai sai ta kai baki. Girmansa na mutum ɗaya, wanda zai rufe ki daga kafaɗa zuwa ƙafa ba tare da ya zubo gefen gado ba. Wanda ya zubo, nauyinsa zai yi ta jan sa ƙasa cikin dare, ya kuma zare miki gidan sauro daga ƙarƙashin katifa. Tsakanin bargo da gidan sauro kuwa, ba sai na gaya miki wanda za a haƙura da shi ba. Sai wanki. Kilo 6 a bushe ne. In ya sha ruwa ba mai iya matse shi da hannu, kuma a damina zai kwana biyu a igiya ya fara warin danshi. Mai rigar da ake cirewa ya fi, ki riƙa wanke rigar kina shanya bargon a rana.

Wata za ta ce miki ai tela ma zai ɗinka, a zuba shinkafa ko gero ko yashi. Kada ki yarda. Hatsi na shan gumi ya yi fumfuna, yana kiran ƙwari da ɓera, kuma ba ya wankuwa. Yashi kuma ta ramin allura yake fita.

Kafin ƙanwarki ta kashe ko sisi, akwai gwajin da za ki yi kyauta. Manyan bargunan nan masu ruɓi biyu da ake sa wa amare a kayan ɗaki suna da nauyinsu. Ɗauko naki, ki hau sikeli da shi sannan ki hau ba shi, ki ga bambancin. Wata ranar Asabar da sanyin safiya, yara suna wurin babansu, ki ninka shi biyu ki kwanta ki ɗora daga ƙirji zuwa ƙafa na minti ashirin, fanka na kaɗawa in da wuta. Ba daidai yake da na gaske ba, zai fi shi zafi, amma zai gaya miki abu guda: in nauyi ya sauka a jikinki, ajiyar zuciya kike yi, ko neman hanyar fita? In na biyun ne, an huta, ta sayo miki wani abin.

Shi kuwa Malam, ki ce masa ya dakata. Mutumin da minsharinsa ke kaiwa falo, kuma ya kwana yana barci amma ya tashi a gajiye, akwai yiwuwar yana da lalurar ɗaukewar numfashi cikin barci. Maƙogwaro ne ke rufewa, numfashi ya tsaya na daƙiƙoƙi, sai mutum ya zabura da wani irin gurnani ya ci gaba, a maimaita haka sau da yawa a dare ɗaya shi bai sani ba. Tunda dama idonki biyu, ki saurare shi. In kika ji minsharin na yankewa ɗif sannan ya dawo da shaƙewa, in yana gyangyaɗi da rana ko a kan tuƙi, in yana da hawan jini ko ƙiba, to likita zai gani, ba bargo zai nema ba. Mai irin wannan lalura ba a so a ƙara masa nauyi a ƙirji. Ki ɗauki sautin a waya ki kunna masa da safe, don maza ba sa yarda suna minshari sai sun ji da kunnensu. Kuma, 'yar'uwa, ki duba ko minsharin nan na cikin abin da ke hana ki komawa barci.

Irin wannan taka-tsantsan ya shafi mai asma ko wani ciwon huhu, mai ciwon zuciya, mai farfaɗiya, mai ciwon suga da ƙafafunsa suka fara mutuwa, mai juna biyu, da tsoho ko majinyacin da ba zai iya yaye bargon da kansa ba. Duk waɗannan sai da izinin likita. Ke ma ranar da zazzaɓi ya kama ki, ki ajiye shi gefe.

In ya iso, kada ki fara da dare guda cur. Ki ɗora shi a ƙafafu da cinya kina zaune bayan Isha, na rabin awa, kwana biyu ko uku. Sannan ki ja shi zuwa ƙirji. Ba ya hawa wuya, ba ya rufe kai, ko da ke mai son dunƙulewa ce a hunturu. Ki ba shi mako biyu kafin ki yanke hukunci. Amma ga inda gizo ke saƙar: ko kin sa wa autarki gadonta a gefen naki, in ta yi kuka ƙarfe ɗaya za ki jawo ta ki ba ta nono a kwance, barci ya kwashe ku tare. Kowace uwa ta san haka ake yi. Don haka maganar gaskiya, kwana da bargon nan sai ranar da ta daina shigowa gadonki da dare. Kafin nan, na zaman yamma ne da ɗan kishingiɗar rana, a naɗe a kulle kafin a kwanta. Wannan kaɗai ya isa ya nuna miki ba abin gaggawa ba ne.

Abin da ke gaggawa shi ne ƙarfe biyun nan. Ki tambayi kanki, lokacin jinya ƙarfe nawa kike tashi ki juya Mama, ki ba ta ruwa, ki kasa kunne ki ji ko tana numfashi? Jikin da ya yi watanni yana gadi ba ya sauka daga aiki don an yi sadakar bakwai. Ga shi kin haɗa rashi da jego a shekara guda, kuma kowannensu shi kaɗai yana iya jawo ciwon damuwa. Likitoci na kiran rashin barci mai naci idan ya kai dare uku a mako har wata uku. Ke kin ninka wannan kusan sau uku. Ki je asibiti, ki faɗi abin da kika rubuto min ba ragi, har da faɗuwar gaban. A auna jininki, don ƙarancin jini bayan haihuwa na sa bugun zuciya da gajiya, ƙarancin sinadarin ƙarfe kuma na sa wasu jin tsukun ƙafafu da dare har sai sun motsa su. A duba maƙoƙo, don shi ma yakan rikice bayan haihuwa ya hana barci. In likita ya ce ki ga na ɓangaren ƙwaƙwalwa, kada sunan ya firgita ki. Asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana da wannan sashe, ga kuma na gwamnatin tarayya a Barnawa, Kaduna. Da yawan masu zuwa can mutane ne irinki, masu aikinsu da iyalinsu, barci ko damuwa ce ta kai su. In kuma akwai ranar da kika ji rayuwar ta fita daga ranki, ko kuka ya ƙi tsayawa, ko kin kasa kula da yarinyar, wannan ba a jira masa ranar hutu, a ranar za ki gaya wa Malam ku tafi.

Piriton ɗin ki ajiye shi. Maganin mura da ƙaiƙayi ne, barcin da yake sawa ɓarin gefe ne, kuma jiki na sabawa da shi cikin kwanaki kaɗan, abin da ya faru da ke ke nan. Yana ratsawa cikin nono, yana iya sa yarinyar kasala. Abin da na fi tsoro shi ne mataki na gaba, ranar da mai kemis zai ce akwai wanda ya fi shi ƙarfi ya miƙo miki diazepam. Shigarsa da sauƙi, fitarsa da wuya. Kada ki karɓa sai da takardar likita.

Abin da likitocin barci suka fi yarda da shi ga rashin barci mai naci ba ƙwaya ba ce, horon ɗabi'ar barci ne, har ƙungiyar likitocin manya ta Amurka ta sa shi a matsayin matakin farko tun 2016. Ginshiƙinsa kina da shi a hannu: lokacin tashi ɗaya kullum, kuma Asuba ta riga ta tsayar miki. Abin da ya rage shi ne kada ki koma dogon barci bayanta ranar Asabar da Lahadi don ramuwa, in kuma za ki kishingiɗa da rana, kada ya wuce rabin awa, kada ya kai La'asar. Na biyu zai ba ki mamaki: ki daina kwanciya ƙarfe goma don agogo ya ce goma. Ki jira sai idonki ya yi nauyi, ko da sha ɗaya da rabi ne. Duk daren da kika kwashe awa biyu kina juyi, koya wa jikinki kike cewa gado wurin tunani ne. In kin farka ƙarfe biyu, kika ga an ɗauki kamar minti ashirin barci bai dawo ba, ki tashi. Ki koma falo da ɗan haske kaɗan, ki yi alwala ki yi nafila in kina so, ki yi wa Mama addu'a, ki ja carbi, amma ban da waya, ban da duba agogo. Sai barci ya taɓa ki ki koma. Makon farko za ki ji kamar abin ya ƙaru. A mako na uku ko na huɗu ne ake fara ganin canji. Shayi, kofi, lemon kwalba mai baƙi da goro duk suna da kafeyin, kuma rabinsa na nan a jini bayan awa biyar, don haka daga Azahar a sallame su. Na san malaman makaranta da shayin yamma, amma a gwada na citta da kanumfari ba ganye.

Akwai kuma abin da ba likita ke bayarwa ba. Ƙanwarki tana can nesa, ita ma uwa ta rasa, kuma mai yiwuwa ba ta samu zaman makoki yadda ta so ba. Ina jin bargon nan hanyarta ce ta sa hannu a jinyar da ba ta samu yi ba. Kada ki ce mata ba kya so. Ki ce mata kina so, amma mai kilo 6, na mutum ɗaya, mai duwatsun gilashi da rigar auduga da ake cirewa, kuma ba na yara ko ɗaya. Ki ce ta jira mai tahowa wajen Nuwamba, lokacin kin ga likita, kin yi gwajin bargon kayan ɗaki, autar ma ta ƙara wayo. Mai ɗauko shi ma zai gode, don yawancin jirage kilo 23 suke ba kowace jaka, kuma kilo 9 ya cinye fiye da kashi ɗaya cikin uku. Sannan ki roƙe ta abu na biyu: ku tsayar da rana ɗaya a mako ku yi waya, ku yi hirar Mama ku biyu, da rana, ba da tsakar dare ba.